Rabin Mitar Salbiah

Litinin, 3 ga Nuwamba, bayan sallar asuba

Jiya na sayi wannan littafi a garin Kuah don in riƙa rubuta wayoyin da Leong mai gyaran wutar jirgi zai ciccire, kada in manta wacce ta fito daga ina. Ga shi shafin farko zai tafi a kan ɗana Fairuz.

Ɗan da na yi wa wanka a bokiti a cikin wannan jirgi, shi ne ya zo da takalmin ofis ya zauna mini a kan akwatin igiyoyi ya ce, "Mak, shekararki sittin da ɗaya. Abah kuma kina ganin yadda yake." Ubansa yake nufi. Na ce yaya yake? Ya kalli takalminsa. Gara da ya tsaya nan.

Abin da ya kawo shi ke nan: a sayar da jirginmu Camar, ni da mijina Abang Baharom mu koma wurinsa a birnin Shah Alam, bene na goma sha huɗu. Wai har ɗaki sun share mana. Na tambaye shi me ake hangowa ta taga, ya ce wurin ajiye motoci. Shekara ashirin da huɗu ni da ubansa muna kwana muna tashi a kan ruwa, ƙarshenta a zaunar da mu muna ƙirga motocin mutane. Ka ji mini yaro!

Ni na kafa sharaɗin da bakina. Ya ba ni sati uku in sa sababbin na'urori, tunda tsofaffin duk tsawar watan jiya ta ƙone su. Ran Asabar, 22 ga wata, ya zo ya hau. In ɗauke mu daga nan in kai mu lungun tekun nan na Teluk Rambai in dawo da mu, ni kaɗai, shi ko igiya ba zai taɓa ba. In na yi lafiya, ya ƙyale mu a jirginmu. In na kasa, in haɗa kayanmu da hannuna. Ya sumbaci hannuna yadda ya saba, amma bai yarda mun haɗa ido ba.

Maganar ranar Talatar nan ba za ta shiga littafin nan ba. Ta wuce.

Talata, 4 ga wata, sha ɗaya na safe

Leong ya zo da kwalaye uku da baƙin bakinsa. Shekararsa saba'in, ya girme ni, amma Kak, wato yaya, yake ce mini don ya ji haushina ya tashi. Duk jirgin filafilai da ke tsibirin nan sai da ya shiga cikinsa da tocila a baki.

Ya cusa kai a bayan allon wuta, ƙafafunsa a waje, sai na ji muryarsa daga ciki: "Kak Biah, wa ya yi wannan haɗin? Wayoyi ne ko taliya? A kawo miya mu ci!"

Na ce, "Wanda ya yi shi ya kai mu Maldives ya dawo da mu da taliyar nan. Kai ina ka taɓa zuwa? Ko Pinang da ke nan kusa amai kake yi a hanya."

Abang yana zaune yana kallo. Leong ya miƙo hannu baya ba tare da ya ce komai ba, Abang ya ɗora masa sifana mai lamba goma. Ita kuwa yake nema. Da Fairuz yana nan da ya gani. Irin wannan ba ya taɓa faruwa a gabansa.

Laraba, 5 ga wata, da la'asar

Abu uku za a sa. Allon taswira mai nuna inda muke. Ma'aunin zurfi mai faɗin ruwan da ya rage tsakanin ƙarfen gindin jirgi da ƙasa. Sai na'urar da za ta riƙe mini sitiyari in na tafi gaba jan filafilai ko sauke anga. Wannan ta ukun ba mu taɓa bukatarta ba. Ni nake tuƙi, Abang yake gaba. Yanzu gwiwarsa tana damunsa, shi ke nan dalili.

Alhamis, 6 ga wata, tsakar rana

Layukan sun tafi.

Leong ya gwada katin tsohon allon a na'urori biyu, ya hura shi, ya goge shi da rigarsa. Babu komai. Duk hanyar da muka taɓa bi tsohon allon yana zana ta da jan layi, shekara da shekaru, har taswirar ta koma kamar an zubar da zare. Ya ce, "Yi haƙuri, Kak." Yau bai yi mini ba'a ba, abin da ya fi ɓata mini rai ke nan.

Ban yi kuka ba. Albasa na yanka.

Juma'a, 7 ga wata, bayan azahar

Na ɗauko littattafan tafiya na Abang, guda goma sha ɗaya, zan shigar da wuraren da yatsana ɗaya bayan ɗaya. Rubutunsa ƙanana kamar tururuwa sun yi layi. Shi ba ya sa sunan da ke taswira, nasa yake raɗawa. "Inda Fairuz ya yar da haƙori." "Dutsen da Biah ta zaga." "Kifi ya fi ƙarfinmu." Sabon allon ba ya karɓar dogon suna, sai ya gutsure shi. Dutsen da na zaga ya koma "Dutsen da Bi". To, shi ma ya ji da kansa.

Na manna takardu a ƙofofin akwatuna: cokula, magani, tawul, banɗaki. Saboda Leong ne, ya cika buɗe-buɗe.

Asabar, 8 ga wata, da hantsi

Yau Abang ya ce mini Cik, yadda ake ce wa baƙuwa a kanti. Wasa yake yi.

Lahadi, 9 ga wata, bayan la'asar

Na je wurin Kak Pah mai shinkafar kwakwa a bakin gadar da jirage ke tsayawa. Tun muna 'yammata bakinta ba shi da murfi. Tana zuba mini sambal, miyar barkonon nan, tana kallon igiyar da ke wuyana.

"Biah, makullin mene ne wannan?"

"Na ƙaramin kwalekwalen. Na sa masa sarƙa. Ɓarayi sun yi yawa."

"Ɓarayi, ko? Masuntan nan na Mat Isa suna tambayar kafaɗun mijinki, wai sun daina saɓa? Sun ce ranar da suka..."

Na ce ta ƙara mini kifi. Ta ƙara, ta kuma ƙara da cewa, "Taurin kanki ya fi ƙarfen gindin jirginki. Ki bi yaron nan, ki huta."

Na ce in hutu nake so akwai kabari, ba sai na hau bene sha huɗu ba. Ta ce a'uzubillahi, ta jefe ni da bawon ayaba. Ta dai ƙunsa mini guda biyu, ɗaya babu yaji saboda Abang.

Talata, 11 ga wata, goma na safe

An sa ma'aunin zurfi. Leong ya sa tabarau ya nutse da kansa, tsoho da shi, ya auna ƙarfen gindin da awo, ya fito yana tari, ya sake gwadawa da igiya mai dalma, sannan ya danna lambobin. Ya ce, "Kak, wannan ba ya wasa. In ya ce sifili, to sifili ne."

Wai ni za a koya wa sifili! Me ya sa duk masu jirage daga nan har Satun suke ce mini Biah Sifili? Mashigar Teluk Rambai akwai tudun yashi a bakinta. Turawa da manyan jiragensu sai su tsaya a waje suna jiran ruwa ya cika, suna duba littafi, suna shan giya. Ni kuwa in zo in wuce su, ma'auni yana nuna sifili, sifili, sifili, in shige ko yashi ban shafa ba. Sau nawa? Ban ƙirga ba, ya fi ɗari. Wani Bajamushe har jirginmu ya biyo ya tambayi Abang wace dabara ce. Abang ya ce, "Tambayi matuƙiya, ni ɗan jefa anga ne."

Na gaya wa Leong haka. Ya ce, "Ni dai na faɗa." Na ce ka faɗa, an ji, sha shayinka.

Laraba, 12 ga wata, bayan sallar asuba

Fairuz ya bugo jiya. Wai matarsa ta sayi labule mai hoton jiragen ruwa don ɗakin. Allah ya saka mata. Ta rataya a nata ɗakin.

Alhamis, 13 ga wata, da yamma

Ranar yau ba ta yi kyau ba.

Na hau gaba ina shanya, ko minti goma ban yi ba. Na dawo na tarar an zare wayoyin sabon ma'aunin, an ɗauko tsohon daga akwatin da na ɓoye shi, ƙonannen, baƙi ƙirin, ana ƙoƙarin mayar da shi raminsa. Na ce, "Abang, ya mutu. Tsawa ta kashe shi." Ya rungume shi a ƙirji ya ce, "Kada a taɓa wannan. Na saita shi. Ni na saita shi." Ya yi ta maimaitawa. Na kai hannu, ya ture ni. Bai taɓa ture ni ba tunda aka ɗaura mana aure.

Ba wani abu ba ne, gefen tebur ne na buga. Zan sa riga mai dogon hannu.

Leong ya dawo ya mayar da wayoyin. Bai tambaya ba, ban faɗa ba. Da zai tafi ya ce, "Ku bar masa tsohon ya riƙe, ba ya cin wuta." Yanzu haka yana kan cinyarsa, yana goge gilashin da gefen zanensa.

Juma'a, 14 ga wata, tsakar rana

Ba zan je Shah Alam ba.

Asabar, 15 ga wata, bayan azahar

Na fita gwaji ni kaɗai. To, mu biyu. Na ɗaga anga da maɓalli, na danna wa mai riƙe sitiyari, na tafi gaba na ja babban filafili har hannuna ya yi ja. Camar ta kwanta kaɗan ta kama gudu. Wayyo daɗi! Wata biyu rabona da jin wannan ƙarar ruwan a gefen jirgi.

Mai riƙe sitiyarin nan ba ya gardama, ba ya waƙa, ba ya cewa "hagu kaɗan, Biah". Sitiyari yana juyawa shi kaɗai kamar aljani ya riƙe. Abang ya daɗe yana kallonsa, sannan ya tambaye ni wa ke tuƙi. Na ce ni. Ya ce, "To, madalla."

Ruwan hanyar mai zurfi ne, mita tara, mita goma sha biyu. Komai yana aiki.

Litinin, 17 ga wata, da hantsi

Na gama shigar da wurare ɗari da arba'in. Idona kamar an zuba barkono. Na bar sauran, ba yanzu za mu koma Maldives ba.

Cik sau uku yau. Na daina ƙirgawa daga yanzu.

Laraba, 19 ga wata, bayan la'asar

Gwaji na uku. Na juya jirgi sau shida, na sauke anga na ɗaga sau biyu, ban yi kuskure ko ɗaya ba. Kak Pah ta hango ni daga gada ta ɗaga ludayi. Da na je sayen abinci ta ce, "An gan ki. To in kin ci, sai me? Ranar da ke kika kwanta ciwo fa?"

Na ce ban taɓa kwanciya ba.

Ta ce, "Ja hannun rigarki in gani."

Na ɗauki ƙunshina na tafi. Gobe wurin mai gurasar roti zan saya.

Juma'a, 21 ga wata, bayan magariba

Fairuz ya iso. Ya bar takalmin ofis a gida, ya zo da silifa, wai shi ɗan ruwa. Ya duba allon, ya duba ma'aunin, ya ɗaga takardar da ke ƙofar banɗaki ya karanta ya mayar. Ya tsaya a kan sarƙar kwalekwalen ya daɗe. Abang ya tashi ya ba shi hannu ya ce sannu da zuwa, daga wane jirgi? Fairuz ya ce, "Daga wannan, Abah."

Gobe ruwa zai cika ƙarfe tara. In mun tashi shida da rabi, za mu shiga Teluk Rambai da cikarsa, ko makaho ya shiga. Na dafa ƙwai, na cika tulun shayi. Bari yaron nan ya ga uwarsa.

Asabar, 22 ga wata, bayan isha'i

Mun dawo. Kowa lafiya. Gobe.

Lahadi, 23 ga wata, bakwai na safe

Bari in rubuta shi yadda ya faru, ba yadda za a ji shi a bakin Kak Pah ba.

Ba mu tashi shida da rabi ba. Abang ya ƙi sa rigar ruwa mai hana nutsewa, ya ce ba tasa ba ce, ya zauna a ƙasa ya riƙe ƙafar tebur. Lallashi, shayi, lallashi. Sai takwas da rabi muka ɗaga anga. Fairuz yana zaune ya harɗe hannuwa, bai taɓa komai ba, kamar yadda aka yi alkawari.

Tafiya kam ta yi kyau. Iska daga gabas, filafilai biyu a sama, mai riƙe sitiyari yana aikinsa. Na je gaba na dawo ba tare da na riƙe komai ba, da gangan, don ya gani. Har na kama shi yana murmushi, ya yi sauri ya haɗiye.

Sha ɗaya muka isa bakin Teluk Rambai. Ruwa ya yi awa biyu yana janyewa. Jiragen Turawa biyu suna tsaye a waje suna jira. Fairuz ya ce, "Mak, mu sauke anga a nan. Na gani, kin iya. Ba sai mun shiga ba."

Ya riga ya ba ni. Ina so in rubuta wannan ƙarara, don kada wata rana in yi wa kaina ƙarya. Yaron ya riga ya ba ni nasara a hannu. Amma cewa na yi Teluk Rambai, ban ce ƙofar Teluk Rambai ba, kuma ba na son a ba ni abu kamar sadaka. Na ce, "Zauna ka sha kallo. Kana cikin zanen goyo nake shiga nan."

Na sauke filafilai, na tayar da inji, na kashe mai riƙe sitiyari na kama da hannuna. Ma'auni ya ce mita ɗaya. Rabi. Sifili da uku. Fairuz ya ce, "Mak." Sifili da ɗaya. "Mak!" Na ce, "Sifili gidana ne." Ma'auni ya nuna sifili, na ƙara wuta kaɗan yadda na saba.

Ba ƙara aka yi ba. Wani irin nishi jirgin ya yi, ya tsaya cak, tulun shayi ya wuntsila. Na ba da baya, inji ya yi ta kuka, ruwa ya koma laka. Ko motsi. Ruwa kuwa yana ta tafiya abinsa.

Kafin ƙarfe ɗaya Camar ta kwanta a gefenta kamar saniyar da aka kayar. Tukwane suna zubowa a ciki. Turawan nan biyu suka zo da kwalekwalensu suna tambaya ko muna son taimako, ɗaya har da ɗaukar hoto. Fairuz ya kau da kai. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Abang ne ya tashi. Mutumin da ya yi awa biyu yana faɗa da rigar ruwa. Ya sauka ciki ya rufe famfunan da ruwa zai iya shigowa ta nan, ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake ko ɗaya ba. Ya rufe tagogin gefen da ya kwanta. Ya nuna wa Fairuz ƙaramar anga ya ce, "Kai, saurayi, kai ta can wajen zurfi, in ruwa ya dawo mu ja." Fairuz ya kalle ni. Na cire makullin daga wuyana na ba shi. Sharaɗi ai ya riga ya karye.

Da ya dawo, muka zauna mu uku a gefen da ke sama, ƙafafunmu suna lilo, yashi a ƙasa, ƙananan kaguwa suna yawo a inda ya kamata ruwa ya kasance. Abang ya leƙa ma'aunin, ya girgiza kai, ya matso kusa da ni ya rage murya.

"Cik, ke ce sabuwar matuƙiya?"

Na ce, "Ni ce, Pak Cik." Haka nake amsa masa yanzu, yadda ake ce wa dattijon da ba a sani ba, in ba haka ba ya rikice.

"Ba laifinki ba ne. Wani ya taɓa abin nan. Ni nakan rage masa rabin mita. In ya ce sifili, to akwai sauran rabi a ƙasa."

Na ce, "Don me, Pak Cik?"

Ya yi dariya, irin dariyarsa ta da, har kafaɗa. "Matata. Ba ki san ta ba. In ka ce mata tsaya, wuta take ƙarawa. Ba a yi mata gardama, ba a cin riba. Tun ranar da muka sayi jirgin na rage mata rabin mita, shi ke nan kowa ya huta." Ya waiga hagu da dama. "Amma fa hannunta a sitiyari, duk tsibirin nan babu kamarta. Kada ki gaya mata. Ruwa za ta jefa ni."

Na ce ba zan gaya mata ba.

Fairuz ya ji duka. Ya tashi ya rarrafa can gaban jirgi ya juya mana baya, ya daɗe yana gyaran wata igiya da ba abin da ya same ta.

Shekara ashirin da huɗu. Biah Sifili! Ina wuce mutane ina ɗaga musu hannu, shi yana gaba riƙe da anga, ya san akwai rabin mita a ƙarƙashina da shi ya ajiye. Bajamushen nan ya tambaye shi a gabana ya ce a tambayi matuƙiya. Munafuki. Wallahi da yana nan da na jefa shi ruwan.

Na rubuta "da yana nan". Ba zan soke ba.

Ruwa ya dawo wajen magariba. Muka ja angar, Camar ta miƙe, muka juyo gida. Ni na tuƙa.

Lahadi, bayan azahar

Sau ɗaya zan rubuta, kada a sake tambayata. Tun watan azumi bai kalle ni ya kira sunana ba. Ranar Talatar nan matarsa ya tafi nema. Ina ciki ina dafa masa shayi, ya kunce kwalekwalen ya tafi nemana. Awa tara a cikin rana kafin masunta su tsince shi.

Shi ke nan. Na kasa, kuma ni ba na karya alkawari. Na fara da tukwane.

Litinin, 24 ga wata, sha biyu na rana

Kwali huɗu na cika kafin Fairuz ya dawo daga gari. Ya tsaya a bakin matakala yana kallona ina naɗe kofuna a tsofaffin jaridu.

"Mak, ajiye."

"Ba ni na ce zan haɗa da hannuna ba? Ga hannun, ga kayan."

"Na ce ki ajiye. Mutumin da ya rufe famfo bakwai a jere shekaranjiya, in na kai shi bene sha huɗu me zai rufe? Ko sunana bai sani ba, amma ya san inda ƙaramar anga take."

Ga abin da ya je ya ƙulla a bayana, shi da Leong da Kak Pah, taron munafukai. Ba za a sayar da Camar ba. Amma za ta bar tsakiyar ruwa ta koma jikin gada, a ɗaure, kusa da rumfar Kak Pah, inda in na yi kira za a ji. Ba zan ɗaga anga ba sai da shi ko Leong a jirgi. Zai riƙa zuwa duk sati biyu. Ran Alhamis kuma za mu ga likitan nan da na ƙi komawa wurinsa.

Na ce, "Wato a ɗaure ni a turke kamar akuya."

Ya ce, "Rabin mita ne kawai, Mak."

Na cire silifa na jefe shi. Ya goce, ɗan banza, gocewar ubansa sak. Silifar ta faɗa ruwa, shi ya shiga kwalekwale ya ɗauko ta.

Ban ce na yarda ba. Cewa na yi to.

Laraba, 26 ga wata, bayan la'asar

Muna jikin gada. Hayaniya, warin man jirgi, rediyon wani. Kak Pah ta aiko da ƙunshi biyu ba a tambaye ta ba. Duk mai wucewa sai ya ce, "Sannu, Biah Sifili," yana danne dariya. Su yi ta yi. Ko yanzu a ba ni sitiyari in ba su ruwa.

Da safe na sa Leong ya nuna mini inda ake shiga a gyara lambar ma'aunin. Ya ce, "Kak, ai yanzu kin sani. Ƙaryar da kika sani ba za ta tsare ki ba." Na ce wa ya ce maka don ni ce? Ya cire tabarau ya goge, ya nuna mini, ya tafi bai sha shayinsa ba.

Da yatsana na rage. Ruwan nan mita biyu ne a ƙarƙashinmu, na auna da igiya mai dalma. Allon ya koma ɗaya da rabi.

Abang ya fito bayan azahar da ƙonannen ma'auninsa a hammata. Ya tsaya gaban sabon. Ya leƙa ruwa ta gefen jirgi, ya dawo ya kalli lambar, ya sake leƙa ruwa. Sai ya ajiye tsohon a kan benci, karo na farko cikin kwana goma sha uku.

Ya ce, "Yauwa. An gyara." Ya matso ya rage murya. "Ba ki dai gaya mata ba ko, Cik?"

Na ce, "Ban gaya mata ba, Pak Cik."

Ya ce, "Madalla. Tana ina ne? Ta daɗe."

Na ce tana nan kusa, shayi take dafa masa. Na sauka na ɗora ruwa.